Ranar Da Kawu Ya Ƙi Busa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu ranar Talata bayan la'asar, a asibitin da nake aiki a nan Doha, hawa biyu sama da sashen da nake duba marasa lafiya. Washegari da hantsi maza suka kai shi makwancinsa a maƙabartar Mesaimeer, mu kuma mata muka zauna a gida muna jiran dawowarsu. Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa.

Ranar farko mutanenmu ne suka cika gidan, likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a da ɗalibai. Yawancinsu sun san shi da ido kawai, dattijon nan mai farin gemu da yake zama a kusurwa ranar taron Salla yana wasa da yara. Wata baiwar Allah da ke kusa da ni ta sunkuyo ta ce, "Wai a wane kamfani marigayin yake aiki?"

Na ce, "Makaɗi ne."

Ta ce, "Allah Ya gafarta masa," da irin muryar da ake yi in an ji wani ya mutu a kan laifi. Ban ji haushinta ba. Da wannan muryar na tashi a gidanmu.

Inna mahaifiyata, wadda ita ce yayar Kawu, a waya muka gaya mata tana Zariya. Ba ta yi kuka nan take ba. Bayan an dawo daga maƙabarta ta sake kira ta ce a ba ta maigidana. Abin da ta tambaye shi ɗaya ne: "An samu mutane a sallarsa?" Ya ce mata sahu bakwai aka yi. Ta ce, "Bakwai? A ƙasar mutane? Su wa ya sani haka?" Daga nan muryarta ta karye, ƙanwata ta karɓi wayar.

Rana ta biyu waɗanda ya sani ɗin suka zo. Sun kai ashirin, kowa cikin baƙar kwat ɗin da suke sawa in za su hau dandamali, don a ganinsu ita ce suturar girmamawa mafi kyau da suke da ita. Akwai Misirawa, akwai 'yan Filifin, akwai wani tsohon Bature mai rawar hannu, akwai Basudanen da suke ɗaki ɗaya da Kawu. Suka jera takalmansu a bakin ƙofa, suka tsaya cirko-cirko ba su san inda za su zauna ba. Wata 'yar Filifin mai kaɗa goge ta shigo wajen mata, ta riƙe hannuna ta ƙi saki, tana ta cewa "Baba, Baba," don haka dukkansu suke kiransa. Ɗaya daga cikinsu ya tambayi maigidana ko za su iya busa masa wani abu kaɗan. Maigidana ya ba su haƙuri ya ce mu ba ma yin haka a makoki. Suka ce sun fahimta. Basudanen kuwa bakin ƙofar falo ya samu ya zauna, bai ci ba bai sha ba, yana ta murza wuyan hannunsa na hagu inda tabon ɗinki yake.

Bayan an watse na ga ya kamata in zauna in rubuta abin da na sani game da mutumin nan, tun ban fara mantawa ba.

Kakanmu limamin unguwa ne, kuma ya so Kawu ya gaje shi. Kawu yana saurayi ya sulale ya shiga aikin ɗan sanda, can aka lura yana da kunne, aka tura shi cikin 'yan badujala. Kaka ya yi shekaru ba ya amsa gaisuwarsa. A barikin ya koyi karanta rubutun kiɗa, ɗigo-ɗigon nan masu wutsiya da ake jerawa a kan layuka biyar. Can kuma aka miƙa masa wata siririyar baƙar aba mai maɓallan azurfa wadda kowa ya ƙi ɗauka saboda wahalar busa ta. Tana da sunanta na Turanci, amma shi bai taɓa kiranta da shi ba a gabanmu. Algaitar Turawa yake ce mata. Ya yi shekara ashirin da shida yana busa ta a fareti. Bayan ya yi ritaya matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tak ta yi aure, sai Basudanen nan, wanda suka saba tun wani aiki da aka tura Kawu ƙasar waje, ya aiko masa cewa ana neman mai busa irin tasa a Doha. Ya riga ni zuwa da shekara huɗu.

Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini, ko a gaban wa. Maigidana kuma Injiniya. Mun yi, mun yi ya dawo gidanmu da zama, ga ɗaki nan a rufe, ya ce shi ba zai kwana a gidan suruki ba ko da Najma, unguwar da yake zaune, za ta kama da wuta. Amma kowace Juma'a in an sauko daga masallaci zai hau bas ya zo, da ledar rumman a hannu. Zai ci tuwo da miyar kuka, ya ce gishiri ya yi kaɗan, ya ƙara loma. Daga nan sai ya nemi ƙaramin kofin shayi da ruwa a ciki, ya baje kayansa a kan tabarma: 'yar wuƙa, zare, da guntayen kara da ake aiko masa daga waje. Da hannunsa yake feƙe ɗan karan da ake sawa a bakin algaitar. Zai yi awa guda a kan guda ɗaya, ya jiƙa, ya sa a baki ya busa, ta yi ƙara kamar kukan agwagwa, yarana su kwashe da dariya, shi kuma ya girgiza kai ya ce, "Bai zauna ba." Wannan ce kalmarsa a kan komai. Shayin da bai ji sukari ba bai zauna ba. Labarin da bai yarda da shi ba bai zauna ba. La'asar na yi zai tattara, don yammacin Juma'a lokacin aikinsu ne.

Lokacin da na haifi 'yata ta fari ba a samu yi wa Inna biza ba. Na dawo gida daga asibiti ba ni da kowa sai maigidana, wanda ko ruwan zafi bai iya dafawa ba a lokacin. Kwana biyu da sallamata sai ga Kawu da sassafe da kula a hannu. Kunun kanwa ne. Ashe Inna ya kira, bayan sun yi wata da watanni ba su yi magana ba, ya sa ta faɗa masa yadda ake damawa yana rubutawa, ya bi shagunan Najma ɗaya bayan ɗaya har ya samu gero da kanwa wajen wani mutumin Ghana. Kunun ya yi gudaji, kanwar ta yi yawa. Na shanye tas. Sai da ya yi kwana arba'in yana kawowa, kuma wajen kwana na goma ya gwanance.

Sau ɗaya muka taɓa ɓatawa da shi, kuma a kan aikinsa ne.

Ƙungiyar tasu ta wani kamfani ce mai shirya bukukuwa da taruka a otal-otal. Makaɗa ne wajen talatin, masu goge manya da ƙanana, masu busa, masu ganga, da jagora mai tsayawa a gaba da 'yar sanda. Wata Juma'a Kawu ya ba ni wata takarda in karanta masa, don ya manta tabaransa. Takardar da suke sa wa hannu ce duk shekara. Na karanta na kai ƙarshe, na sake komawa farko. Ta ce shi mai zaman kansa ne, ba ma'aikacin kamfanin ba. Za a biya shi ranar da ya busa, ranar da bai busa ba babu. Ba hutu, ba sallamar ƙarshen aiki, in ya ji ciwo shi ya sani. Kamfanin ma ba shi ne kafil ɗinsa ba, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar. Wani mutum ne dabam yake riƙe da sunansa, wanda ba ya ganinsa sai in za a sabunta takardar zama.

Na ce, "Kawu, mutanen nan cutarku suke yi."

Ya ɗago daga kan karansa. "Wa ya cuce ni?"

"Kai ma'aikacinsu ne, sun ƙi rubutawa ne kawai."

"Ni ba yaron kowa ba ne, Uwata. Shekara ashirin da shida ina sara wa yaran da na haifa. A ce tsaya in tsaya, a ce juya in juya. Yanzu na samu kaina ki ce in koma?"

Da na yi shiru a nan da an wuce wurin. Amma ni ma jinin gidan ce. Na ce, "To wa yake sa muku lokacin gwaji?"

"Manaja."

"In ka makara fa?"

"Ana yanke wani abu. Wannan ai tsari ne."

"Kwat ɗin da kake sawa, kai ka zaɓa?"

Ya ci gaba da feƙe karansa.

"In wani ya kira ka bikinsa gobe, za ka iya zuwa ka busa masa?"

"Sai na nemi izini."

"Sun taɓa ba ka?"

Maigidana yana ta yi mini ido ina yi kamar ban gani ba. Na ce, "To ina zaman kan naka yake? Barikin dai ce ka koma, sai dai wannan ba fansho."

Kawu ya naɗe zarensa a hankali, ya mayar da wuƙarsa kube, ya zubar da ruwan kofin a tukunyar fulawa. Ya ce, "Injiniya, na gode da abinci." Ni ko kallona bai yi ba. Juma'a uku bai zo ba.

A ta huɗu na dafa tuwo na sa maigidana ya kai ni Najma. Ban taɓa shiga ɗakinsa ba sai ranar. Yana saman wani shagon canjin kuɗi, su huɗu a ciki, gado biyu masu hawa. Nasa na ƙasa ne, an ja zanen an lanƙwasa kusurwa kamar za a zo dubawa. Takalmansa biyu a jere suna sheƙi. Na durƙusa a kan ledar ɗakin na ce, "Kawu, ka yafe mini, na yi rashin kunya." Ya bar ni a durƙushe na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Uwa ai ba ta durƙusa wa ɗanta. Tashi. Miyar mece ce?" Maganar takarda ba mu sake tayar da ita ba, na kuma ɗauka ta mutu ke nan.

Wajen wata takwas bayan haka, suna shirin wani biki a otal, matakalar dandamali ta karye da Basudanen yana ɗauke da babban gogensa, irin wanda ake kaɗawa a tsaye. Ya kare gogen da jikinsa, ya faɗi a kan hannun hagu, wuyan hannun ya karye wuri biyu. Da wannan hannun yake danna tsirkiya. Aka yi masa aiki aka sa ƙarfe. Bayan kwana biyu kamfanin ya kawo wani ya zauna a kujerarsa. Da ya aika yana tambayar yadda za a yi da shi kafin ya warke, manaja ya amsa masa da ladabi cewa suna yi masa fatan samun sauƙi, amma shi ba ma'aikacinsu ba ne, takardar da ya sa wa hannu ta faɗa. Mutumin da ya yi musu shekara goma sha ɗaya, yana da 'ya'ya biyar da yaƙi ya kora daga gidansu suna zaune a Masar.

Ban san duk wannan ba sai wata Lahadi da rana ina duba marasa lafiya. Na danna lamba ta gaba, ƙofa ta buɗe, sai ga Kawu da 'yar takardar layi a hannu. Ashe lamba ya ɗauka ya zauna cikin marasa lafiya har aka zo kansa. Na ce, "Kawu, lafiya? Me ke damunka?"

Ya zauna, ya ɗora wani gwangwanin biskit a kan teburina. Ya ce, "Lafiyata ƙalau. Tambayoyin nan naki na ranar nan nake so ki maimaita mini. A hankali, zan rubuta."

Ya buɗe gwangwanin. Duk wata takarda da kamfanin ya taɓa ba shi tana ciki, an jera an ɗaure da zaren algaita: jadawalin gwaji, takardun gargaɗin makara, da wata wasiƙa da aka hana shi busa a walimar wani ɗan Najeriya. Halin bariki bai bar shi ba, ba ya yar da takarda. Na maimaita masa tambayoyin yana rubutawa da ajami a bayan takardar layin. Da ya gama ya ce, "Ranar nan gaskiya kika faɗa. Faɗar ce ba ta zauna ba."

Na haɗa shi da wata ƙawata da ta karanci shari'a. Ta gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa hujjarsa tana da ƙarfi, amma akwai haɗari. In magana ta kai gaban hukuma za a tambayi dalilin da ya sa suke yi wa wanda ba kafil ɗinsu ba aiki. Kamfanin zai sha tara, su kuma ana iya cewa su tattara su bar ƙasar. Ta ce gara a fara gwada sulhu.

Kawu ya tara abokan aikinsa a wani ɗan gidan abinci a unguwar Al Asmakh, aka kawo shayin madara da suke kira karak. 'Yar Filifin ɗin ce ta ba ni labarin zaman. Ta ce ba kowa ya yarda ba. Wani Bamisire mai ganga ya miƙe ya ce shi a ɓoye wurare huɗu yake kiɗa, in ya zama ma'aikaci an ɗaure shi a wuri ɗaya, albashin ba zai riƙe shi ba. Wasu suka ce su dai tsoro suke ji, suna da iyali a gida da ke jiran abin da za su aika. Wani ya ce, "Baba, kai ne fa kullum kake ce mana mu 'yantattu ne."

Kawu ya ce, "Ni ne. Kuma na ji daɗin faɗar haka. Wanda yake so ya zauna da kansa da gaske, ya zauna, ba ni da ja. Amma a ba shi 'yancin gaba ɗaya, ya zo in ya so, ya busa inda ya so. Wanda kuma za a sa wa lokaci a yanke masa kuɗi a hana shi zuwa wani wuri, a rubuta shi ma'aikaci. Su zaɓi ɗaya. Tsoro kuwa ni ma ina ji. Na fi ku abin ji, don ni in aka kore ni ba mai sake ɗaukata."

Mutum goma sha bakwai suka sa hannu a wasiƙar. Manaja ya karɓa ya ce zai duba. Sati uku ba amsa.

Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba, amma mutum uku sun ba ni labarinsa kuma bakinsu ya zo ɗaya. A irin wannan ƙungiyar, kafin a fara komai mai algaitar ne yake busa sauti guda ɗaya mai tsawo, kowa ya daidaita abin kiɗansa da shi. Aikin Kawu ke nan kullum. Ranar gwajin ƙarshe ne na wani babban taro da za a yi washegari, manaja da kansa yana zaune a baya da mutanen da suka ba da aikin. Jagora ya ɗaga kai ya dubi Kawu. Kawu yana zaune cikin kwat ɗinsa, algaitar a kan cinya, hannuwansa a kanta.

Jagora ya ce, "Yalla, Baba."

Kawu bai motsa ba. Masu goge sun ɗaga bakansu suna jira. Wani yana iya ba da sautin daga wani abin busar, amma ba wanda ya yi.

Manaja ya taso ya zo gaba. "Baba, lafiya? Ba ka jin daɗi ne?"

"Lafiya lau."

"To me ya sa ba ka busa ba?"

"Ni mai zaman kaina ne. Yau ban ga dama ba."

Manaja ya rage murya ya ce, "Baba, ga baƙi. Dole ka busa."

Kawu ya ce, "Dole? To alhamdu lillahi. In dole ne, ni ma'aikacinka ne. Shi ma wanda matakalarka ta karya wa hannu ma'aikacinka ne. Faɗa a gaban mutanen nan, yanzu in busa."

 Manaja ya dubi baƙinsa, ya dubi makaɗan, ya ga goge bayan goge ana saukewa ana ɗorawa a cinya, har da na waɗanda ba su sa hannu a wasiƙar ba. Bamisiren nan ma ya ajiye sandunan gangarsa. Manaja ya ce, "Khalas, shi ke nan. Jibi da safe mutum uku daga cikinku su zo ofis." Kawu ya ce a rubuta. Aka rubuta a bayan takardar kiɗa, manaja ya sa hannu. Sannan Kawu ya ciro ɗan karansa daga kofin ruwa, ya sa a baki, ya ba su sautin.

An yi wata biyu ana kai da kawo. A ƙarshe kamfanin ya ɗauki mutum goma sha biyu a matsayin ma'aikata, ya mayar da takardun zamansu ƙarƙashinsa. Basudanen yana ciki, aka ba shi aikin kula da takardun kiɗa har hannunsa ya warke ya koma kan gogensa. Sauran aka cire musu sharaɗin neman izini, wanda ya so ya je ya yi kiɗa inda ya ga dama. Kawu kuwa ba ya cikin sha biyun. Suka ce shekarunsa sun wuce waɗanda ake ɗauka. Wataƙila haka ne, wataƙila kuma ba a manta masa ranar gwajin ba. Abin da na sani shi ne an samo wani matashi mai busa irin tasa, kiran da ake yi wa Kawu ya dinga raguwa, daga sau huɗu a sati ya koma sau biyu a wata.

Bai taɓa yin ƙorafi ba. Sai dai Juma'a ya daina tashi da la'asar, ya kan kai magariba. Yana nan yana feƙe karansa kamar gobe akwai taro. Duk lokacin da na gan shi haka sai in zargi kaina, don na san daga bakina maganar ta fara.

Shi ya fara gane ciwonsa kafin ni da nake likita. Wata Juma'a ya ce, "Uwata, sautin da nake riƙewa in ƙirga arba'in, yanzu a sha biyar nake yankewa." Na ɗauko abin sauraren ƙirji na sa masa a baya, na ce ya ja numfashi. Na saurara, na canja wuri, na sake saurara. Na daɗe ban cire ba don kada ya ga fuskata. Ya ce, "Ki faɗa mini kawai. Na san kin ji." Washegari na kai shi aka yi hoto. Abin ya riga ya yi nisa a huhun dama.

Wata biyar ya yi. 'Yarsa ta zo daga Kaduna ta yi jinyarsa, Basudanen kuma kullum yana nan bayan gwaji, yana ba shi labarin wanda ya yi kuskure da wanda jagora ya harara. Kawu zai lumshe ido yana murmushi. Ana saura kwana huɗu ya rasu na samu mun rage mu biyu a ɗakin, na ce, "Kawu, ni na jawo maka. Da ban buɗe bakina ba da kana nan a kujerarka."

Ya ja numfashi sau biyu kafin ya iya magana. Ya ce, "Da ina kujerata, shi kuma Basudanen yana ina? Ki bar wannan. Ni tunda nake busa, sau dubu nawa, ba wanda ya taɓa tambayata ko na ga dama. Ranar nan ɗaya ce na riƙe abina na ce a'a, kuma aka jira ni." Ya yi tari, na ba shi ruwa. Ya ce, "Kin san har hannuna rawa yake yi? Na danne shi da algaitar don kada yaran su gani."

Bayan rasuwarsa maigidana ne ya je karɓo takardar shaidar mutuwa. Ya dawo ya miƙo mini. A wurin da aka rubuta sana'a, an sa kafinta. Haka yake a katin zamansa tun ranar da ya shigo ƙasar, don bizar da kafil ɗinsa yake da ita a lokacin ta kafinta ce, kuma Kawu bai taɓa nuna mana katin ba. Maigidana ya ce ya roƙi ma'aikacin ya gyara, mutumin ya ba shi haƙuri ya ce abin da ke kan kati shi yake rubutawa. Mutumin da ko ƙusa ban taɓa ganin ya buga ba. Na yi dariya, sannan na zauna a ƙasan kicin na yi kukan da ban samu yi ba a kwana ukun nan.

Takardar tana nan a ajiye, ba zan iya canja ta ba. Amma ni da na san shi ina shaidawa: kawuna mai busa ne, ya yi shekara arba'in da wani abu yana yi, kuma ya iya. Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata maka kabarinka, Ya haɗa ka da uwarka ta gaskiya a Aljanna. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.